In sayar da shagona in tashi da iyali, kamar yadda su Carnegie suka yi?

Tambaya: Malam, ina da shagon yadi, ciniki ya ja baya ƙwarai. Na ji labarin Andrew Carnegie, wanda iyayensa suka sayar da komai a Sikotland suka koma Amurka, har ya zama attajirin duniya. Shin in sayar da shagon in kwashi iyali mu koma wata ƙasa?

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo mafita. Labarin da ka ji gaskiya ne, amma an ba ka labarin ɗan, an bar na uban. Kai kuwa a matsayin uban kake.

William Carnegie, mahaifin Andrew, masaƙi ne a garin Dunfermline, yana saƙar hannu. Da masaƙun inji suka shigo, aiki ya ƙafe masa. A 1848 ya sayar da kayan saƙarsa da na ɗaki, kuɗin bai ma kai na jirgi ba, sai da wata ƙawar matarsa ta ranta musu fam 20. Suka shiga jirgin ruwa daga Glasgow da yara biyu, Andrew mai shekara 12 da ƙanensa Tom, suka sauka a Allegheny, daura da Pittsburgh.

To, me William ya yi da ya isa? Ya koma saƙar hannu. Ya riƙa saƙa mayafin tebur yana yawon talla, masu saye kaɗan ne, domin injin da ya kore shi daga gida ya riga shi isa Amurka. Ya rasu a 1855 bai farfaɗo ba. Wannan shi ne abin da nake jin tsoro a kanka. Kafin ka sa shagon a kasuwa, ka zauna da littafin cinikinka ka gano me ya kashe kasuwar. Idan unguwar ce ta mutu, ko haya ta yi yawa, canjin wuri zai yi magani. Idan kuwa irin yadin da kake sayarwa ne mai araha ya ture, to can ma za ka tarar da mai arahar yana jiranka.

Abin da ya riƙe gidan su Carnegie ba jari ba ne, don ba su da shi. 'Yan'uwan Margaret, matar William, sun riga su zama a Allegheny, su suka ba su masauki. Da ɗan gari kan ci gari. Ita Margaret ta kama ɗinkin takalma a gida tana samun dala 4 a mako. Andrew ya shiga masaƙar auduga a kan dala 1 da santi 20 a mako, daga baya ya zama masinjan gidan tangarahu a kan dala 2 da rabi. Da waɗannan 'yan kuɗaɗen suka ci abinci, suka tara, suka mayar wa matar nan fam 20 ɗinta. Ina girmama wannan biyan bashi fiye da duk miliyoyin da suka zo daga baya.

Buɗin ya zo ne a 1853, lokacin da Thomas Scott na kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya ɗauki Andrew aiki a kan dala 35 a wata. Scott ne ya nuna masa hannun jarin kamfanin Adams Express, guda 10 a kan dala 500. A yadda Andrew ya ba da labari, gidansu mahaifiyarsa ta jinginar aka sayi hannun jarin. Ya yi musu kyau, amma ban yarda ka kwaikwayi wannan ba. Gidan da yara ke kwana ba abin jinginarwa ba ne. Sai a 1901 Andrew ya sayar da kamfanin ƙarfensa a kan dala miliyan 480, shekara 53 bayan saukarsu.

Shawarata, kada ka sayar da shagon yanzu. Ka rage kayan da suka kwanta ko da a kan uwar kuɗi ne, ka bar amintacce a kai, ka tafi kai kaɗai da jarin da in ya salwanta gida ba zai girgiza ba. Kada ka je inda ba ka da mai masauki ɗan kasuwa. Ka nemi takardun zama da izinin kasuwanci tun daga farko, ka lissafa haya da kuɗin fito da canjin kuɗi, ka yi ciniki na wata shida kana rubuta shige da fice. Ka kuma yi shawara da uwargida tun yanzu, kan ko akwai sana'ar da za ta iya kamawa a can. Idan ribar wata shidan ta ɗauki haya da cefane da kuɗin makarantar yara, sai ka dawo mu yi lissafin sayar da shago da ɗaukar iyali.