Amsar Goggo daga Manchesta kan tazarar haihuwa

Ladi 'yata,

Saƙonki ya iso, na kuma ji batun yaron nan ɗan Katolika da ke nemanki. Kin ce ko mu da muka daɗe a Ingila mun yar da Littafi Mai Tsarki ne, tunda da wuya a ga ɗayanmu da 'ya'ya fiye da uku, alhali kakarki a Wusasa tara ta haifa. Ba mu yar ba. A nan babu kaka, babu matar wa da za ki ajiye wa goyo ki tafi aiki, kuɗin gidan reno kuwa kan lashe albashin wata uwar. Maganin tazara kyauta ake bayarwa a asibitin gwamnati tun 1974. In mun haɗu addu'a da Hausa, mu da 'yan Jos da Kafancan, ba mai tambayar wata ko ƙwaya take sha ko ashanar tazara ta sa a hannu.

Amma gardamar ta girme mu duka. Har zuwa 1920, bishop-bishop ɗinmu na Angalikan haramtawa suke yi kamar kowa. A taronsu na Lambet a Landan, cikin 1930, suka kaɗa ƙuri'a, 193 da 67, suka yarda ma'aurata su yi idan akwai dalili mai ƙarfi. Shekarar ba ta fita ba Fafaroma Piyus na 11 ya mayar da martani cewa haramun na nan daram. Da ƙwaya ta fito, Roma ta kafa kwamiti, mafi yawan 'yan kwamitin suka ce a sassauta, amma a watan Yulin 1968 Fafaroma Bulus na 6 ya fitar da wasiƙarsa Humanae Vitae ya ce a'a. Lissafin kwanaki kawai ya bari.

Ayar da za a fi karanta miki ita ce Farawa 38. Er ya mutu bai bar ɗa ba, aka ce ƙanensa Onan ya kwana da matar, Tamar, don ya tayar wa mamacin zuriya. Sai ya riƙa zubarwa a ƙasa, abin da maƙwabtanmu Musulmi ke kira azalu, Allah kuma ya kashe shi. Malamanmu suka ce laifinsa mugunta ce da son kai, ya more matar ya hana ɗan'uwansa magaji. Na Katolika suka ce a buɗe Maimaitawar Shari'a 25: wanda ya ƙi matar ɗan'uwansa takalminsa ake cirewa a tofa masa yawu a fuska, ba kisa ba, don haka zubarwar ce ta jawo masa. Hujjar tana da nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Luta da Kalbin ma, jagororin Furotesta na farko da muke tinƙaho da su, sun tsine wa aikin Onan ɗin.

Ni dai na daɗe da gane cewa ba ayar ake wa faɗa ba. Mu Littafin ne a sama, in bai hana abu ƙarara ba, sai miji da mata su yi addu'a su yanke. Su kuwa sun ce ikilisiya ce ta tattara Littafin, ita ke da ikon fassara shi, kuma abin da ta koyar shekaru aru-aru ba ya tashi don zamani ya juya. Ko kin kawo aya goma, ɗan Katolika na gaske zai ce miki, me Roma ta ce? Na yi aikin jinya da 'yan Katolika 'yan Ayalan da 'yan Folan, wasu na shan ƙwayarsu suna zuwa sujada kowace Lahadi, wata kuwa 'ya'yanta shida, da kalanda a jikin firij, ban kuma taɓa jin ta yi kuka da hakan ba.

Don haka kafin a kai kaya, ki zaunar da shi ki tambaye shi wanne ne shi a cikin biyun nan. In a cocinsu za a ɗaura, Fada zai kira ku koyarwar aure, zai kuma taɓo maganar. Kada ki gyaɗa kai don kunya ki zo kina ɓoye ƙwaya a ƙasan akwati. Ki gaida babanki, ki ce masa daddawar ta iso.

Goggonki