Baba ya ki jinin jakar bahaya, canza ta zai yi amfani?

Tambaya: Salam Sista. An yi wa babanmu aikin hanji, aka bude masa kofa a ciki wato sitoma, yanzu ko kallon ledar baya son yi, har masallaci ya daina zuwa. Wai canza irin jakar zai sa ya karbe ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Zai yi amfani sosai ma. Yawanci jakar da ake sallamo mutum da ita daga asibiti garau take, ana ganin komai a ciki, don mu ma'aikata mu duba launin sitoma da abin da ke fita. Amfaninmu ne wannan, ba nasa ba. Dattijo ya wayi gari kullum yana ganin bahayarsa a jikinsa, ai dole ya tsani abin. Ku nemo masa mai rufin yadi wadda ba a ganin ciki, kuma ba ta karan leda in ya yi ruku'u ko sujada, don wannan kacau-kacau din kadai ya isa ya hana mutum shiga sahu.

Sai wari. Akwai masu matatar gawayi a sama, iska ta fita wari ya tsaya, jakar ma ba ta kumbura karkashin riga. Amma ni abin da na fi damuwa da shi gam din da ke manne jakar a fata ne, da zafin nan namu gumi na sassauta shi, kuma in ta yi yoyo sau daya a cikin mutane to an gama, da kyar ya kara yarda da ita. A auna sitomar a yanka ramin jakar daidai da girmanta, don tana raguwa cikin sati 6 zuwa 8 bayan aiki, girman farko ba zai ci gaba da yi masa ba.

Ita kanta jakar mai mannewa ai wannan matsalar ce ta haifo ta. A 1954 wata nas 'yar Denmark, Elise Sørensen, ta kirkiro ta saboda 'yar uwarta da ta daina fita don tsoron yoyo, daga nan kamfanin Coloplast mai yin irin wadannan jakunkuna ya samo asali a 1957.

Launi kuma, a da kalar fatar Bature ake yi, yanzu akwai baka da ruwan toka. Ku kai masa iri biyu ko uku ya zaba da kansa. Maganar alwala ku tuntubi malami, akwai hukuncin mai lalura.