Wari a banɗaki duk da wanki safe da yamma: sai an fasa tayil?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gini mai hawa biyu, iyalina na zaune a sama, ƙasa kuma ofisoshi ne na haya. Wata uku ke nan wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya addabi banɗakin ƙasa. Ana wanke shi safe da yamma, mun zuba maganin wari har mun gaji. Na lura duk sanda aka ja ruwan masai a sama, sai rariyar banɗakin ƙasa ta riƙa ƙugi. Wani mai gyara ya zuba asid, aka sami sauƙin kwana biyu, abu ya dawo. Wani kuma ya ce sai an fasa tayil an canza bututun gaba ɗaya. In yarda a fasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a ɗora guduma a kan tayil ɗin nan tukuna. A duk bayaninka, ƙugin da rariya ke yi ne ya fi ɗaukar hankalina. Bututun da ya fashe yoyo yake yi, ya jiƙa bango, ya tayar da fenti. Ƙugi kuwa aikin iska ne da ta rasa hanyar wucewa a cikin bututu, kuma sau da yawa ana gyara shi ba tare da an taɓa daɓen ɗaki ba.

Leƙa ƙarƙashin kwanon wanke hannu, za ka ga bututun bai tafi a miƙe ba: ya lanƙwasa ƙasa ya sake hawowa, ko an ɗaura masa wani ɗan kofi mai murfi a gindi. Masu sana'armu na ce masa tiraf. Duk sanda aka yi amfani da ruwa, na ƙarshe yakan kwanta a cikin lanƙwasar, zurfin santimita 5 zuwa 10. Wannan ɗan ruwan shi kaɗai ne tsakanin hancinka da iskar da ke cikin sokawe. Ruwan da kake gani kwance a gindin masai ma aikinsa ke nan, haka rariyar ƙasa in an saka ta yadda ya kamata. Dabarar ta daɗe. A 1775 wani mai haɗa agogo ɗan Sikotland, Alexander Cumming, ya yi mata rajista a Landan, kuma har yau da ita ake aiki a gidaje da otal-otal da asibitoci. Don haka in wari ya shigo ɗaki, abin da nake fara tambaya shi ne wane tiraf ne ya rasa ruwansa, kuma me ya kwashe shi. Sabulu ba ya kaiwa can.

Ruwan yakan ƙafe in an daɗe ba a zuba wani ba, musamman lokacin zafi. Rariyar banɗakin ofis ta fi shiga wannan hali, tunda ba wanka ake yi a ciki ba, mai shara kuma da jiƙaƙƙen tsumma yake gogewa, ba ya kwara ruwa. Wani lokacin zare ko gashi ne ke maƙalewa a bakin lanƙwasar, ya riƙa tsotse ruwan a hankali yana ɗiga shi gaba. Amma naka, da alamar iska ce ke ɓarnar.

Ka kifa kwalba cike da ruwa ka ga yadda take yi: ruwan ba ya fita sumul, sai ya riƙa tsayawa iska na kutsawa ciki. Haka babban bututun da ya sauko daga bene yake. In aka ja masai, ruwa lita 6 zuwa 9 ke faɗowa lokaci guda, yana ture iskar da ke gabansa, yana jan wadda ke bayansa. Shi ya sa ake miƙa kan bututun har ya zarce rufin gini, a bar shi a buɗe ya riƙa shaƙar iska. In wannan ƙofar ta toshe, ruwan zai nemi iska ta wurin da ya fi sauƙi, wato tiraf mafi kusa, ya zuƙe ruwan cikinsa. In kuma gaba ce ta cushe, iskar da aka turo za ta ɓullo ta tiraf ɗin ƙasa, ta fito da wari. Dukansu ƙugi suke yi, amma maganinsu ya bambanta, kuma da idonka za ka iya rarrabe su.

Ga yadda za ka yi. Cire murfin rariyar, ka zuba mata ruwa rabin bokiti, ka jira ya lafa. Ka haska tocila ciki. Ya kamata ka ga fuskar ruwa tana ƙyalli a ƙasa. In duhu kawai ka gani, ruwan ya wuce bai tsaya ba, to rariyar ba ta da tiraf tun asali, kuma na sha ganin haka a gine-ginen da aka yi cikin gaggawa. In ruwan ya tsaya, ka sa wani ya ja masai a sama, kai kana durƙushe kana kallo. Ruwan ya yi ƙasa, aka ji ƙarar tsotso? Bututun ba ya samun iska daga sama. Kumfa ta taso, ruwan ya yi tsalle har ya fantsalo? Matsalar tana gaba, tsakanin gindin bututun da sokawe.

In tsotso ne, a hau rufi. Tsuntsu kan yi sheƙa a bakin bututun iska, ganye kan cika shi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda mutum ya yi da hannunsa: an zo canza kwanon rufi, kafinta ya ga bututu ya tsone masa ido, ya yanke shi a cikin silin, ko ya rufe kansa da murfi. Wanda aka yanke a silin cikin gida yake zuba warinsa. A miƙa shi waje, a sa masa ragar da za ta hana tsuntsu shiga amma ba za ta hana iska ba. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce bakinsa ya ɗara duk wata taga ko ƙofa da ke cikin tazarar mita 3 da shi da aƙalla santimita 90, kuma ma'auni ne mai kyau a ko'ina. Inda ba halin huda rufi, akwai wani ɗan bawul da ake ɗaurawa a kan bututu, yana buɗewa iska ta shiga, ya rufe kada wari ya fito. Yana maganin tsotso. Amma kada wani ya sayar maka da shi in kumfa ka gani, domin ba ya barin iska ta fita.

In kumfa ce, a buɗe cemba ta waje, wato ɗan ramin nan mai murfi da bututu ke ratsawa kafin ya kai sokawe, a ja masai ana kallo. Ruwa ya zo da gudu ya wuce, hanyar ta koma fayau, haka ake so. In ka tarar ruwa kwance, ko yana tafiya da ƙyar, to ko wani abu ya tsaya a gaba, ko sokawe ta cika tana neman kwasa, ko kuma gangaren bututun bai isa ba. Bututu mai faɗin inci 4 yana son ya sauka santimita 1 a kowane santimita 40 zuwa 80 na tsawonsa. A ginin haya abin da muka fi zarowa shi ne tsumma, audugar mata, da tishu mai danshi wanda ba ya narkewa. Waya ko sandunan zura bututu suna fitar da su. Akwai kuma kuskuren haɗi: in aka jona banɗakin ƙasa dab da gwiwar da babban bututu ya juya, nan ne iska ta fi matsewa. Waccan ƙa'idar ta Ingila ta ba da tazarar santimita 45 aƙalla a ƙaramin gida, 75 a gini mai hawa har biyar. Gyaran wannan yawanci a waje ake yinsa, a ba banɗakin ƙasa hanyarsa daban zuwa cemba.

Batun asid, ina roƙonka kada a sake. Sauƙin kwana biyun da ka samu, zai yiwu ruwan da aka kora asid ɗin da shi ne ya cika tiraf, da aka ci gaba da jan masai ya sake tafiya. Asid yana cin ƙarfe da siminti, zafinsa yana iya lanƙwasa bututun roba, yana kuma kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta a sokawe. Mafi muni, in ya haɗu da bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, da mai shara ya zuba, iskar kulorin ke tashi, wadda ke ƙona huhu, a ɗan ɗakin da ba shi da isasshiyar taga.

Kada kuma a ɗauki warin a matsayin abin takura kawai. A 2003, lokacin annobar cutar numfashi ta SARS, sama da mutum 300 suka kamu a rukunin gidajen Amoy Gardens da ke Hong Kong. Binciken hukuma ya gano cewa tiraf na rariyoyin banɗakuna da yawa sun bushe, fankokin fitar da iska kuma suna janyo iskar bututun ƙazanta zuwa cikin ɗakuna. Warin ƙwan da kake ji iskar haidurojin salfaid ce. Kaɗan daga cikinta hanci ke kamawa, amma in ta yi yawa sai ta kashe jin warin kansa, mutum ya zaci ta tafi. Saboda haka ko da wasa kada ka bar wani yaro ya shiga sokawe don ya duba. Mutane na faɗuwa a ciki cikin ɗan lokaci, wanda ya bi su ceto shi ma ya faɗi. Daga sama ake kwasa, da mota mai zuƙa, kuma ba a kusantar bakin ramin da wuta ko sigari, don akwai iskar da ke kamawa.

In duk wannan ya fito lafiya, wari bai tafi ba, a duba robar da ta haɗa bayan masai da bututu. Takan bushe ta tsage, ko ta goce in masai na motsi. Kama shi da hannu biyu ka girgiza a hankali. Bai kamata ya motsa ba. Bayan wannan sai gwajin hayaƙi: a toshe bakunan bututu, a hura hayaƙi ta cemba, a bi ɗaki ɗaki ana neman inda zai ɓullo. Wasu masu gyara suna da ƙaramar kyamara da ake zurawa a ga cikin bututun. Wanda ya ce a fasa, ka ce ya fara nuna maka wurin da ɗayan waɗannan hanyoyi, sannan a fasa wurin kaɗai. In rariyar ce ba ta da tiraf, tayil ɗaya ko biyu na kewayenta za a cire a saka mai tiraf.

Kafin mai gyara ya zo, ka sa mai shara ya riƙa zuba ruwa kofi biyu ko uku a rariyar kullum da safe. Bayan an gyara, sau ɗaya a mako ya isa. In wani ofis zai daɗe a rufe, a cika tiraf ɗinsa a ɗiga cokali guda na mai a saman ruwan, yana rage saurin ƙafewa.