Farcen humrar Hauwa'u

Hauwa'u 'yata, saƙonki ya iso. Da fari dariya na yi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Amarya ce, biki ya ƙarato, tana tambayar goggonta ko dole ne a sa farce, wato murfin dodon koɗi, a humrarta, wai tausayin dodon koɗin da ake kashewa a cire masa murfi take ji.

Abin da kika ce an koya muku a jami'a gaskiya ne, ni ma na taɓa shi sama-sama lokacin da nake koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a nan Bur Sudan. Kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce duwatsu suka yi ta aman wuta a Saberiya, ruwan teku ya yi zafi, iskar shaƙa ta yi ƙaranci a cikinsa, fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka ƙare. Murjanin wancan zamani ya tafi ɗungurungum. Tsutsotsin da ke haƙa laka suka daina nitsawa, ramukansu suka koma sirara, a sama-sama. Katantanwar da ta tsira yawanci ƙanana ce, kuma sai da aka yi miliyoyin shekaru kafin ƙasan teku ya murmure. A lokacin ko Bahar Maliya babu ita. Ikon Allah ke nan.

To maganar ƙanƙancewar nan ce ta kai ni wurin Iya, kakar babanki, wadda ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, zama ya kama ta a bakin ruwa. Shekarar auren Yaya ta ɗauke ni a bayan babbar mota muka tafi Sawakin. A ranar na fara ganin gidajen da aka gina da dutsen murjani, wasu sun zube tun da aka mai da tashar jiragen ruwa Bur Sudan. Na sa yatsa a bango, na ji 'yan ƙofofin da halittun suka zauna a ciki.

Wani masunci ya kawo mana farce a tsumma, wari kamar me. Iya ta zauna a ƙasa, ta juye shi a faifai, ta shiga tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda bai kai farcen babban yatsanta ba sai ta ture shi gefe. Mutumin ya rage kuɗi, ta ƙi. Ya ce ta ɗauki ƙananan kyauta, nan ma ta ƙi. Rana ta take, ni yunwa ta ishe ni, na ce Iya ai duk dakawa za a yi. Ta harare ni ta ce, "Wanda ya ci ɗan tsako ba zai ji carar zakara ba." A hanyar komawa kuma ta ce ita tsofaffinta sun gaya mata idan farce ya fara ƙanƙancewa a kasuwa, ƙasan teku ne ba lafiya, mai hankali sai ya janye hannu. Ba ta taɓa zama a aji ba, Allah Ya jiƙanta.

Da muka dawo aka jiƙa shi, muna sauya ruwa, muka kankare ragowar naman da wuƙa har yatsunmu suka yi taushi. Aka soya, aka daka da sandal da mahalab da kanumfari da miski. Ɗan kaɗan ta sa, tafin hannu bai cika ba, kuma kwalbar nan har sunan ɗan Yaya na biyu tana nan.

Ku yanzu ta waya kuke saye, dakakke, a robobi, kowace amarya tana son kwalba goma don a ɗauki hoto. Wa ya ga girman abin da aka daka? Wannan ne ke damuna, 'yata. Tun 2016 UNESCO ta sa Sanganeb da Dungunab, yankunan tekunmu na Bahar Maliya, cikin wuraren da duniya ke karewa, amma ba na jin mai haɗa turare ko ɗaya ta tambayi inda farcenta ya fito. Mu ma da muka gani a hannun Iya ba mu zaunar da ku mun nuna muku ba, abin yana ci mini rai.

Ki duba littafinki da kyau, dangin dodon koɗi da ƙumba suna cikin waɗanda suka yaɗu bayan waccan halaka, amma sai da suka samu sarari mai tsawo babu mai tsince su suna ƙanana.

Ki gaya wa babarki kada ta sayi dakakke a wurin kowa, ni zan je kasuwa da faifaina. Maganar a sa ko a bari kuwa, ba ta waya ba ce. Ki zo ranar Juma'a bayan la'asar, ki taho mini da littafin nan mai hotunan ramukan tsutsa. Ki gai da babanki.