Jiri, rawar hannu da aikin kunne: amsoshin likita

Tambaya: Likita, da na juya a kan gado sai ɗaki ya riƙa juyawa da ni, kafin minti ɗaya ya lafa. (Wata uwa, Ƙofar Ƙaura)

Amsa: Hajiya, galibi wasu 'yan tsakuwoyi ne na can cikin kunne suka bar mazauninsu. Ki je asibiti, akwai yadda ake juya kai su koma.

Tambaya: Sakace kunne na rage jiri? (Ɗalibi, Katsina)

Amsa: A'a. Ka bar kunnenka ya huta.

Tambaya: Mahaifinmu hannunsa na rawa, yana jan ƙafa, sau biyu yana faɗuwa wajen tasowa daga sujada. An ce sammu ne. Ana masa hayaƙi, ana ɗiga masa man tafarnuwa mai zafi a kunne, muna kuma sayo masa maganin jiri, Stugeron, a kemis. (Daga Daura)

Amsa: Ɗan'uwa, don girman Allah ku daina ɗiga man nan yau! Abin da ke daidaita tsayuwar mutum yana can cikin ƙashi, bayan dodon kunne: bututu uku masu ruwa da ke shaida wa ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata. Mai ba ya kaiwa wurin, ƙona kunnen kawai yake yi.

Alamun da ka faɗa sun fi kama da cutar Parkinson, wadda wani likitan Ingila ya bayyana tun 1817. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, mai daidaita motsin jiki, su ne ke mutuwa a hankali. Kunne da ido da tafin ƙafa suna aika saƙo, amma jiki ya yi nauyin amsawa, sai Baba ya tafi luu kafin ya taro kansa. Sau da yawa kuma awon jininsa kan yi ƙasa idan ya miƙe, sai jiri ya ɗebe shi.

Stugeron ɗin ya fi tayar mini da hankali, domin shi da Stemetil, wani maganin jirin, suna ƙara wa mai wannan ciwo makyarkyata da sandarewa. Ku dakatar, ku kai shi asibiti da kwalin a hannu.

A yi addu'a, a kuma ga likitan ƙwaƙwalwa. Maganin levodopa ba ya warkarwa, amma yana sassauta jiki sosai. Kafin nan ya yi salla a zaune, a ɗauke tabarmar da ke harɗe ƙafa, a bar masa fitila hanyar bayi da dare. In ya sake faɗuwa ya bugu a kai, kar a jira gari ya waye. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina cikin makon nan. Allah ya ba Baba lafiya.