Amsoshin Tambayoyinku: Ƙara Fitilu da Caja a Jikin Babur

Wani ɗan acaba daga Gusau ya tambaya ko zai iya ɗaura cajar wayar hannu kai-tsaye a kan batirin Boxer ɗinsa. Zai iya, amma caja da yawa suna shan wuta ko babu waya a jikinsu, kuma batirin ƙaramin babur ba ya jure wannan idan aka ajiye shi kwanaki. A jona ta inda wuta ke zuwa bayan an murɗa makulli, a sa mata fis.

Wata uwa daga Katsina ta rubuto cewa ta sayar da awakinta ta saya wa ɗanta babur, yanzu yana son ƙara fitilu biyu masu haske da caja, ita kuma barci ya ƙaurace mata tun da ta ga babur ɗin maƙwabcinsu ya kama da wuta. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tsoronki yana kan hanya, kuma maganinsa ba shi da tsada. Ki ce wa yaron kada ya yarda a tara wayoyin wuta barkatai a kan batir. Ya nemi mai wayarin ya sa masa rile guda ɗaya (wato ɗan makunni mai ƙafafu masu lambobi, wanda ke buɗe wa wuta hanya idan an kunna makulli) da ƙaramin akwatin fis mai gida huɗu. Waya mai kauri za ta fito daga kan batir, ta bi ta babban fis mai lamba 10 (wato amp 10) da aka sa dab da batirin, ta shiga ƙafar rile mai lamba 30, sannan ƙafa ta 87 ta kai wuta akwatin. Ƙafa ta 85 a jikin ƙarfen babur ake ɗaure ta, ta 86 kuwa a wayar da ke samun wutar batir idan an kunna makulli. Kada a ɗauko ta daga wayar babbar fitila, domin a ƙananan babura da yawa wutarta daga koyil, wato abin da ke samar da wuta a cikin injin, take zuwa kai-tsaye.

Lissafin ma mai sauƙi ne. Fitilu biyu masu wat 18 kowace sun zama wat 36, idan aka raba da bolt 12 aka samu amp 3, don haka fis mai lamba 5 ya ishe su, caja kuma mai lamba 3. Bayan an gama, a kunna komai, a ɗan taka wuta, a auna batirin da mita. Idan ya kasa kai bolt 13, kayan sun fi ƙarfin koyil, sai a rage.

Abin da ya fi damuna, Hajiya, shi ne wayar wutar da za a saya. Kasuwa ta cika da waya mai fatar tagulla wadda cikinta alminiyam ne, tana da araha, tana ɗaukar zafi, tana kuma karyewa saboda jijjigar hanyoyinmu. A kankare zare ɗaya da reza a gaban mai shago: idan ya fito fari, a ajiye masa abarsa. Haka kuma ɗabi'ar nan ta murɗe waya biyu da hannu a naɗe da baƙin salatif, wadda zafin bazara ke kwancewa cikin makonni kaɗan. Mafi muni ita ce idan fis ya ƙone a cusa guntun waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa. Fis yana ƙonewa ne domin ya ceci sauran wayoyin, kuma waɗannan wayoyin a ƙarƙashin tankin fetur suke bi. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa a kan fitilu masu walƙiya da kwalliyar kujera, amma ya yi ƙyashin kuɗin fis da bai kai na lita guda ta mai ba, wannan sakaci ne da ran fasinja.

Wani kuma daga Maraɗi yana so ya san ko ya sa fis mai lamba 30 domin ya huta da yawan ƙonewar na 10. A'a, Malam. Akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ka je a nemo ta.