Abin da ke riƙe mutum a wasan harbin fenti

Ɗan'uwa, tambayarka ta ba ni dariya, don ni ma na taɓa yin ta. Ka ce abokan aikinka sun ja ka wasan harbin fenti ranar Asabar, ka ji daɗi ba laifi, amma ka dawo gida da shati uku a cinya, aljihu kuma fayau, shi ne kake mamakin abin da ke sa babba da gemunsa ya shekara goma yana wannan abu. To ni na fara a 2012 ina ɗalibi a Maleshiya, kuma har yau ban daina ba, sai dai ƙafa ta ɗauke na wani lokaci in sake komawa.

Ranar farko kowa harbi ya zo yi. Ni ƙwaya 500 na saya, wato 'yan ƙwallayen fentin da ake harbawa, kafin azahar na ƙarar da su, kuma ban yi zaton na sami mutum uku ba. Itatuwa da tayoyi na yi ta yi wa fenti. Wannan ɗokin yana gushewa a zuwa na uku ko na huɗu. Wanda harbi kaɗai ya kawo shi, nan yake sallama, kuma su ne suka fi yawa.

Ni wani dattijo ne ya canza mini lissafi. Ya haura hamsin, ga tumbi, ba ya gudu. Bindigarsa irin wadda sai ka ja ta da hannu kafin kowane harbi ce, ƙwayoyinsa ba su fi cikin tafi biyu ba. Sau huɗu a jere yana fitar da ni, kullum a wuri ɗaya, gefen dama na marufin fuska. Da aka fito hutu na bi shi inuwa ina haki na ce, don Allah yaya kake yi? Ya ɗaga bindigata ya nuna mini kwanon ƙwayoyin da ke samanta, ya ce shi ke fara leƙowa daga maɓoya kafin kaina, kuma duk fitar da zan yi ta dama nake yi, a tsayi ɗaya. Shi dai saiti yake yi ya jira. Ashe tun safe karanta ni yake yi kamar allo, ni kuwa ina ta ɓarin kuɗi a iska. Daga ranar na fara kallon fili maimakon bakin bindiga: wace kusurwa ce a buɗe, wa ya yi shiru da yawa, wa ƙwayarsa ta kusa ƙarewa har zai duƙa ya cika. Wannan ɓangaren ba ya ƙarewa, don mutanen da kake karantawa su ma suna karanta ka.

Abin ma haka ya faro. Wasan farko da aka yi a watan Yunin 1981 a dajin jihar New Hampshire ta Amurka, mutum 12 ne, da bindigogin da ake sa wa itatuwa da shanu alama. Wanda ya ci, Ritchie White, ma'aikacin gandun daji ne, ya tattara duka tutocin da ake gasar tarawa, bai harba ko ƙwaya ɗaya ba. Duk sanda sabon shiga ya ce mini sai ya sayi bindiga mai tsada zai iya, wannan labarin nake ba shi.

Sai maganar mutane, wadda a wajena ta fi komai nauyi. A wasan gasa, biyar da biyar ake yi a ƙaramin fili mai maɓoyan roba da ake hura wa iska. Wanda ke gaba kwance yake, ba ya ganin komai sai robar da ke gaban hancinsa. Na baya ne idonsa, shi ke ihu yana faɗa masa inda abokan hamayya suke. In ya ce tashi, tashi za ka yi da gudu ba ka waiwaya ba. Mutumin da ka saba miƙa wa wuya haka duk mako, ko a wajen fili ba ku zama baƙin juna. Cikin waɗanda muka yi wasa a can, akwai wanda ya biya kuɗin jirgi ya zo ɗaurin aurena.

Akwai kuma amana. Doka ita ce in ƙwaya ta fashe a jikinka, ka ɗaga hannu ka fita, ko alƙalin wasa bai gani ba. Zan faɗi nawa abin kunyar: sau ɗaya ta fashe mini a gwiwa, na duba babu mai kallo, na goga a ƙasa na ci gaba. Mun ci wasan. Da muka fito, wanda ya harbe ni bai ce uffan ba, ya dai kalli wandona inda shuɗin ya bar alama, ya kalle ni, ya miƙo mini ruwa. Wallahi gara a ce mari ya yi. Ban sake ba. Kuma duk filin da masu goge fenti suka yi yawa, lura za ka ga tsofaffin 'yan wasa sun janye ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗi kuwa, ba zan ɓoye maka ba, shi ya fi korar mutane. Ba bindigar ce ke cin kuɗi ba, ƙwayar ce. Kwali ɗaya 2,000 ne, kuma mai saurin yatsa zai iya cinye shi a yini. Waɗanda suka daɗe sun koyi tsimi: a haɗa kuɗi a raba kwali, ko a koma irin bindigar dattijon nan. In za ka sayi kayanka, fara da marufin fuska mai gilashi ninki biyu, wanda ba ya yin hazo. Na haya yakan rufe da tururin numfashi, sai sabon shiga ya ɗaga shi a tsakar fili don ya goge, kuma nan ne haɗarin wasan yake. Ƙwayar tana tafiya kusan ƙafa 300 a sakan ɗaya, wato wajen mita 90. A cinya raɗaɗin danƙo ne kawai, a ido kuwa ba a magana. Bindiga ta biyo baya, ko tsohuwar Tippmann 98 ta ishe ka shekaru, ba ta da laulayi. Ƙwayar ce mai laulayi, don ɓawonta irin na kafso ne: danshin Maleshiya kumbura ta yake yi, ranar Abuja kuma in ka bar ta a but ɗin mota sai ta yi laushi, ta bugi mutum ta yi tsalle ba ta fashe ba.

Tunda na dawo gida ma ban cika yawo da tawa ba. A halin da ake ciki, ba na son tsayawa a shingen jami'an tsaro ina bayanin cewa wannan ta fenti ce. Marufina nake ɗauka, in hayi sauran a fili.

Waɗanda na ga sun daina, wasu aure ne, wasu gwiwa, amma akasari tawagarsu ce ta watse suka rasa wanda zai buga musu waya daren Juma'a. Ni ma da na dawo sai da na yi kusan shekara ban taka fili ba, har na haɗu da wasu mutum shida. Yanzu rabin abin da ke fitar da ni shi ne zaman bayan wasa, an yi la'asar, an sayo tsire, ana musun wa ya fara harbin wa.

Ka koma sau uku kafin ka yanke hukunci. Kowane zuwa ka sayi ƙwaya 200 kacal, cikin kwano ɗaya ke nan, ka ce sai ta kai ka yamma. In an fitar da kai, ka nemi wanda ya harbe ka ka tambaye shi ta ina ya gan ka. Ka sa dogon wando mai kauri wannan karon.